Girgizar inji da safe: matsalar wuta ce ko ta iska?

Malam, ka ce motarka Corolla ce ta 2006, kuma idan ka tayar da ita da sassafe a Agege sai ta riƙa karkarwa, allurar mitar da ke nuna saurin juyawar inji tana hawa tana sauka kamar za ta mutu, amma kafin ka isa Ikeja ta daidaita. Wani bakanike ya ce a canza fulogi da kwayil duka huɗu, wani kuma ya ce wankin totur kawai take buƙata, shi ne kake tambayar wanne za ka bi. Shawarwarin nan magungunan cututtuka biyu ne dabam, ɗaya ta wuta, ɗaya ta iska, kuma motar da kanta tana nuna wadda ke damun ta.

Idan matsalar ta wuta ce, wato fulogi ya gaji ko kwayil ya fara mutuwa, silinda ɗaya ce ke tsallake aikinta. Girgizar takan zo da tsari, kamar tafiyar mai ɗingishi, kana jin ta a sitiyari, salansa kuma tana fitar da warin ɗanyen fetur. Babbar alamarta ita ce ba ta cika tafiya don inji ya yi zafi ba, sau da yawa ma ƙaruwa take yi idan ka taka totur a hawan gada ko ka kunna na'urar sanyaya mota a cikin cunkoso. Na'urar bincike za ta nuna lamba daga P0301 zuwa P0304, kuma lambar ƙarshe ita ce ta silindar da ke da laifi. Gwajin ba ya cin ko kwabo: idan ta nuna P0302, a ɗauke kwayil na biyu a mayar da shi na uku, a goge lambar a sake tayarwa. In ta koma P0303, kwayil ɗin ne, shi kaɗai za ka saya. In ba ta motsa ba, sai a duba fulogi da nozul. A kuma leƙa ramin fulogin da tocila, domin gaskit ɗin murfin inji yakan tsufa ya zubar da baƙin mai a ciki, kuma duk sabon kwayil da aka sa a ramin da ke jiƙe da mai ba zai daɗe ba.

Matsalar iska halinta dabam ne. Inji yana son iska kusan kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na fetur bisa nauyi, kuma kwamfutar mota tana auna fetur ne gwargwadon iskar da aka ƙirga mata. Idan baƙin datti ya taru a maƙogwaron totur, ɗan sararin da iska ke bi lokacin da ƙafarka ba ta kan totur sai ya ƙuntata. Idan kuma tiyo ya tsage ko gaskit ya saki, iska ta ɓarauniyar hanya za ta shiga ba tare da an ƙirga ta ba, fetur ya yi kaɗan. A nan allura ce ke yawo, injin yana neman mutuwa, amma da zarar ka ɗan taka totur sai ya yi sumul. Lambar da aka fi gani ita ce P0171.

A ganina bayaninka ya fi kama da wannan ta biyun, har ma ina zargin wuri guda. Injin 1ZZ-FE da ke cikin yawancin Corolla na waɗannan shekarun an san shi da gajiyar gaskit ɗin da ke tsakanin bututun shigar iska da kan inji. Robar tana tauri idan ta tsufa, sai ta bar kafa lokacin da inji ke sanyi, in ya yi zafi ƙarfe ya buɗa sai kafar ta toshe. Wannan ya dace da abin da ka faɗa, cewa tana warkewa bayan 'yan mintoci. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan motar da sassafe, bakanike ya fesa ɗan maganin wanke kafireto a gefen gaskit ɗin, nan take ƙarar injin ta canza, allura ta ɗaga, muka san inda ɓarakar take. Ana yin wannan gwajin ne kawai inji na sanyi, kuma kaɗan-kaɗan, saboda maganin yana kama wuta.

Saboda haka ka kwanar da motar a gareji, a sa mata na'ura kafin a tayar, domin idan ka kai ta da zafi girgizar ba za ta bayyana ba. A wanke totur a hankali ba tare da an danne faifan cikinsa da ƙarfi ba, kuma kada ka damu idan silo, wato juyawar inji lokacin da ba a taka totur ba, ya ɗan yi sama bayan wankin, kwamfuta takan ɗauki lokaci kafin ta saba. Silo na safe yakan wuce juyi 1,000 a minti ɗaya, sannan ya sauko kusan 700 idan inji ya yi zafi. Ka tambaya kuma ko an taɓa cire mata tamostat mai daidaita zafin inji, abin da ya zama ruwan dare a garejin ƙasar nan, domin injin da ba shi da shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai fiye da kima.

Idan na'ura ta nuna kwayil ne, ka tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da tsohon a hannunka don a gwada lamba da lamba, fulogi kuma ka nemi Denso ko NGK na asali. Amma in ka ga fitilar inji tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, ka ajiye motar a ranar, domin ɗanyen fetur ne ke shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙi, ita kuwa kuɗinta ya fi na kwayil nesa ba kusa ba.