Man ƙyallin Flex Coat a kan sandar fatsa ta gora

Duk mai haɗa sandar fatsa da hannunsa ya san inda take fara lalacewa: wurin ɗaurin zaren da ke riƙe zobban da igiya ke bi. Ruwa ya jiƙa, rana ta busar, kafin damina ta fita zare ya fara warwarewa. Saboda wannan ne na sa aka kawo mini Flex Coat, man da ake yi a jihar Texas ta Amurka musamman don wannan aikin, na shafa wa sandunan gorar da nake zuwa da su dam ɗin Tiga kamun karfasa.

Kwalba biyu ne, ɗaya man, ɗaya mai daskarar da shi, kuma daidai wa daida ake aunawa. A nan babu "ai ya yi kusa". In ɗaya ya fi ɗaya, sai ya ƙi bushewa, ya yi ta danƙo. Da sirinjin da ake sayarwa tare da shi nake awo, don na kemis akwai wani santsi a cikinsa da ke sa man ya yi ramuka a kan zare. Ina juyawa a hankali kamar minti 3, sannan in zuba a faffadan murfi ya baje. A ƙoƙo mai zurfi yakan ɗau zafi ya yi saurin kauri, balle a zafinmu na bazara. Shi ya sa bayan asuba nake aikin.

Kaurinsa kamar zuma, kuma da kansa yake kwanciya. Ka ɗora da ƙaramin buroshi ka bar shi, kada ka yi ta gogawa. Ƙananan kumfan da ke tasowa, in ka hura musu iska ta bututun biro, kana gani suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Zaren kuwa launinsa kan ƙara duhu: jan da na ɗaura ya koma ja wur mai zurfi, har kana hango ƙafar zoben ta ƙarƙashinsa.

Wahalar tana wajen juyi. Muddin bai kama ba, gangarowa yake yi ya taru a ƙasa. Masu hali suna da ɗan injin da ke juya sandar. Ni kwali na yanka na yi masa baki biyu, na ɗora ta, ina juya ta rabi duk bayan minti 10 zuwa 15 har wajen awa 2. Rediyo na kusa, shayi na kusa. In lokacin hunturu ne, yayyafa ruwa a ƙasa ka rufe taga, domin duk ƙurar da ta sauka ta zauna ke nan. Sai ya kwana ya yini kafin in taɓa.

Ga ɗauri, ban ga kamarsa ba. Gam ɗin minti biyar na kasuwa da na saba sawa yakan yi rawaya ya tsage, wannan kuwa yana lanƙwasa tare da sandar ko da tarwaɗa ce ta ja. Amma ba zan ba kowa shawarar ya shafe sandar gaba ɗaya da shi ba: asarar kuɗi ce, ga nauyin da zai ƙara wa tsinin. Jikin gorar, a goge shi da samfefa a bi da banish na kafintoci, shafi siriri sau biyu ko uku, ya wadatar.