Mai Taliyar da Ya Mayar Mini da Kuɗina a Tokyo

'Yan'uwa da abokan arziki na gida sukan tambaye ni abin da nake ci a Japan, kuma da yawansu sun ɗauka cewa ɗanyen kifi ne kaɗai abincin mutanen nan. Abin da ma'aikaci da ɗalibi da direban tasi suke rububi a kansa da rana, ko da dare bayan an tashi daga aiki, shi ne ramen, wato taliyar alkama da ake tsomawa cikin romo mai zafi a babban kwano, a ɗora mata yankan nama da dafaffen ƙwai da lawashin albasa. Daga ƙasar Sin ta samo asali, kuma shagon da ake yawan ambata a matsayin mafarinta a Tokyo shi ne Rairaiken, wanda aka buɗe a unguwar Asakusa a 1910 da masu girki Sinawa. Yanzu kowane yanki yana da irin romonsa: a Sapporo suna haɗa shi da miso, wani abu mai kama da daddawar waken suya, a Fukuoka kuwa ƙashin alade ake tafasawa na tsawon sa'o'i har ruwan ya yi fari ya yi kauri. A nan ne matsalar Musulmi take, domin mafi yawan shagunan ba su rabuwa da alade, in ba a romo ba to a yankan naman da ke sama.

Wata ranar Asabar cikin sanyi, wani abokin aikina ɗan ƙasar ya matsa mini sai ya kai ni wani shago da ya yi suna a wajen Ueno, bayan ya tabbatar mini cewa romon kaza suke yi. Tun daga nesa muka hango layi ya miƙe a jikin bango har ya sha kwana, mutane ɗaya bayan ɗaya, an bar wa masu wucewa hanya. A gabanmu akwai wani dattijo da kwat, wanda da ganinsa ka san babba ne a wurin aikinsa, yana tsaye bayan wasu 'yan makaranta, kuma bai ko yi yunƙurin wuce su ba. Babu wanda ya aiko yaronsa ya kama masa wuri, babu wanda ya zagaya ta ƙofar baya don ya san mai shago. Mun daɗe a tsaye har yatsun ƙafata suka sandare.

A bakin ƙofa akwai na'ura mai maɓallai, inda mutum yake zuba kuɗinsa, ya danna abin da yake so, ta fito masa da ɗan tikiti, saboda haka hannun da yake taɓa abinci ba ya taɓa kuɗi. Kwano ɗaya yana kamawa kusan yen 1,000 a kuɗin Japan, kuma ruwan sha kyauta ne. Cikin shagon ɗan tsukuku ne, kujerun ba su wuce goma ba, a jere gaban kanta, masu girki suna aiki a gaban idonka, duk wanda ya shigo su haɗa baki su yi masa maraba da ƙarfi.

Da na miƙa tikitina, sai babban mai girkin, wani mutum da ya ɗaure kansa da farin tawul, ya dubi hular da ke kaina ya dakata da ludayi a hannu, sannan ya tambayi abokina ko ni Musulmi ne. Da aka ce masa haka ne, sai ya ajiye ludayin ya fara bayani a natse, abokina yana fassara mini. Ya ce romon lalle na kaza ne, amma a kowane kwano suna zuba ɗan man alade don ƙamshi, kuma ruwan ɗanɗanon da suke fara sakawa a ƙasan kwano akwai giyar shinkafa irin wadda suke girki da ita. Ya ce zai iya cire mini man da naman, amma ludayin da kwanukan duk ɗaya ne, don haka ba zai iya ce mini abincin ya dace da ni ba. Sai ya fito daga bayan kanta ya miƙo mini kuɗina da hannu biyu, ya mayar wa abokina nasa, ya rusuna yana ba da haƙuri kan tsayuwar da muka yi a banza. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki biro ya zana mana taswira a bayan wata takarda, ta wani shagon da yake yin ramen na halal kusa da masallacin As-Salaam da ke Okachimachi. Duk wannan yana faruwa ne alhali mutane suna jira cikin sanyi a waje, kuma ban ji wanda ya yi tsaki ba.

Wannan abu ya tsaya mini a rai ƙwarai. Da ya yi shiru ya zuba mini, da na cinye na yi hamdala na tafi ban san komai ba, domin man ya narke cikin romo, ido ba ya ganinsa. Mutumin bai san ni ba, ba addininmu ɗaya ba, ba ya tsoron wata hukuma a kan wannan, kuma ya san ba zan sake dawowa ba, amma ya gwammace ya rasa cinikin mutum biyu ya tura su wurin wani mai sana'a irin tasa a kan ya ciyar da ni abin da ya san na guje wa. Sai na tuna yadda muke yi a gida. Ka tambayi mai nama ko na yau ne, ya rantse maka da Allah cewa yanzu aka yanka, alhali ya kwana. Ka shiga gidan abinci ka tambayi ko akwai farfesu, a ce maka akwai don kada ka fita, sai ka zauna ka gaji sannan a zo a ce ya ƙare. Ga algus a manja da nono da garin yaji, ga mudun da aka doke gindinsa. Mu ne kuwa muke karanta Suratul Muɗaffifina a salla, mu ne muka san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ban ce duk 'yan kasuwarmu haka suke ba, na san masu amana da yawa, amma abin ya yi yawa har mai saye ya daina ɗaukar rantsuwa a bakin komai, kuma wannan asara ce babba.

Kada kuma a ɗauka cewa komai na nan ya yi mini. Cin abinci a irin waɗannan shaguna ba ya da daɗin zama ko kaɗan. Ana sa ran ka cinye cikin 'yan mintoci ka tashi, domin taliyar tana saki idan ta daɗe a romo, kuma wani yana tsaye yana jiran kujerar. Ba a hira, kowa ya sunkuyar da kai yana zuƙar taliya da ƙara, abin da a wurinmu za a tsawata wa yaro a kansa amma su ba sa ganin laifinsa. Babu gyara: idan kana son ƙarin ƙwai ko taliya sai ka biya daban. Na'urar tikitin a wurare da yawa da rubutunsu kaɗai take, baƙo ya tsaya yana rarraba ido mutane suna bayansa. Abin da ya fi damuna shi ne za ka zauna kafaɗa da kafaɗa da mutum, a kawo masa nasa kafin naka, ya fara ci bai ce maka bisimilla ba, kuma babu wanda zai ga rashin kyautawarsa.

A irin wannan lokaci ne kewar teburin mai shayi take kama ni, inda za ka zauna a benci a soya maka Indomie da ƙwai, ana musun ƙwallo da siyasa har dare ya raba, mai shayin ya tambaye ka iyali, idan aljihu ya bushe ya rubuta maka bashi har ƙarshen wata. Ita kanta wannan taliya da muka saba da ita daga Japan tushenta yake, domin wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro busasshiyar taliya mai saurin dahuwa a garin Ikeda kusa da Osaka a 1958, kafin kamfanin Indonesiya ya kai irin tasa Najeriya ta zama abincin kowa. Sai dai tazarar da ke tsakaninta da wadda ake yi a shago, da romon da aka wuni ana dafawa, tana da yawa sosai.

Mun bi taswirar da mai girkin ya zana mana a ƙasa muka sami shagon, da takardar shaidar halal a manne a bango, yawancin masu cin abincin kuma baƙi ne daga Malesiya da Indonesiya, mata da lulluɓinsu. Romon kazar ya yi kauri, taliyar tana da danƙo a haƙori, kuma da na nemi mai yaji an sa mini barkonon da ya sa ni gumi duk da sanyin waje. Abin takaicin shi ne irin waɗannan shaguna 'yan kaɗan ne, kuma sun taru ne a unguwannin da masu yawon buɗe ido suke zuwa. A unguwar da nake zaune akwai shagunan ramen a kusan kowane titi, ƙamshinsu yana bin mutum har tasha, amma duk ranar da na yi marmarin kwano ɗaya sai na shiga jirgin ƙasa na tafi tsakiyar birni, na haɗa kuɗin jirgi da na abinci.