Shagon da ya gyara mini injin kwashe dusar ƙanƙara a Miniyapolis

Duk wanda ke zaune a jihar Minesota ta Amurka ya san injin kwashe dusar ƙanƙara ba kayan ado ba ne. A Miniyapolis dokar gari ta ba mai gida awa 24 bayan dusa ta daina zuba ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke ƙofar gidansa, in bai yi ba hukuma na iya turo masu sharewa ta aiko masa da takardar biya. Dusar da ke sauka a shekara kuwa takan kai inci 50. Don haka nake son in faɗa wa 'yan uwa da ke wannan yanki yadda muka yi da wani ƙaramin shagon gyaran injina a unguwarmu.

Injin nawa na hannu na saya a lokacin kaka, irin mai aiki biyu: haƙoran gaba su tattaro dusa, fankar ciki ta cilla ta ta bututu. Yana tashi ba gardama, ƙararsa garau muddin yana tsaye. Amma da zarar na kutsa shi cikin tudun da motar share titi ke barin mana a bakin gareji, wanda ya fi ko'ina nauyi don jiƙaƙƙe ne ga gishiri a ciki, sai ƙarar ta faɗi, ya yi ta haki, ya mutu. In na ja cok rabi sai ya ɗan farfaɗo. Wanda ya taɓa riƙe janareta a gida ya san wannan hali, yana ta ruri lafiya har sai an kunna firji.

Abin da ya fara burge ni shi ne bakaniken bai taɓa sukundireba ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Da ya ji zancen cok, ya ce rabin aikin ya ƙare, domin cok iska yake ragewa, injin da ke samun sauƙi da shi kuwa fetur ne ba ya isarsa. Duk da haka bai yi tsalle ya faɗa kan kabureta ba. Ya fara da murfin tanki, wanda ke da ɗan ramin shan iska. In ya toshe, mai yakan daina gangarowa bayan 'yan mintoci. Ya ciro filogi ya duba launinsa. Sannan ya kwance ƙoƙon da ke ƙasan kabureta ya nuna mini abin da ke ciki: ruwa ya kwanta a ƙasa, ga wani danƙo mai launin kore. Ramin da fetur ke bi ya hau, wanda suke kira jet, ya kusa rufewa. Ɗan abin da ke ratsawa yana isar injin yana hutawa, amma da nauyi ya zo aka buɗe masa maƙogwaro, sai iska ta yi yawa mai ya gaza.

A nan ya tsaya ya yi mini bayani da kyau, kuma wannan bayanin ya fi mini gyaran amfani. Tun 1997 Minesota ta wajabta a gauraya yawancin fetur da ake sayarwa da itanol, wani sinadari dangin barasa, kashi 10 cikin ɗari. Itanol yana jan danshi. Mota tana ƙone nata ana ƙara sabo, ba ta damuwa. Injin dusa kuwa yana kwance daga Afrilu har Nuwamba, kuma mai shi na farko ya ajiye shi da mai a ciki. Ya ce in nemi fanfon da ke sayar da fetur marar itanol, wanda doka ta yarda a sayar don ƙananan injina, kuma kada in kuskura in zuba mai kashi 15, wanda ake rubuta wa 88 a fanfo, don ba a yarda da shi ga irin waɗannan injina ba.

Ya wanke kaburetar, ya busa mata iska, ya canja robar ƙoƙon. Ya duba sifirin gwamna, wato abin da ke ƙara wa inji mai da kansa idan nauyi ya hau shi, ya sa na'ura ya auna gudun ya tabbatar yana kusa da juyi 3,600 a minti. Ya kuma koya mini bambancin da ban taɓa jin wani ya faɗa ba: idan ƙarar inji ba ta faɗi ba amma dusa na zubowa a gabanka, wannan ba ciwon inji ba ne, bel ne ke santsi ko ƙusar kariya ta haƙora ta karye. Na tambaye shi matatar iska, ya ce yawancin injinan dusa ba su da ita, don ƙanƙara za ta toshe ta, kuma babu ƙura a lokacin sanyi.

Babban dalilin da ya sa nake yaba musu shi ne gwajin. Ba su tayar da shi a cikin shago suka ce ya gyaru ba. Bakaniken ya tura shi bayan gini ya kutsa shi cikin tarin dusa mai tauri, ina tsaye ina jin ƙarar ta yi ƙasa kaɗan ta sake miƙewa. Matsalar da ba ta fitowa sai da nauyi, da nauyi ake gwada ta, kuma ba kowane shago ke wahalar da kansa haka ba.

Akwai inda suka gaza. Layi ya yi tsawo, domin kowa sai dusar farko ta sauka yake tuna injinsa, ni kuwa na koma shebur ina jira. Samun su a waya sai an dage. Kuɗin ɗauko inji daga gida daban ne, kuma ba su faɗa mini ba sai da na tambaya. Jimillar abin da na biya ya fi kuɗin sabuwar kabureta mai arha ta intanet, amma na fi son a bar mini ta asali da aka yi wa injin.

Tun da ya dawo yana cin tudun bakin gareji ba ya shaƙewa, in dai na sa giya ta farko na ɗebi rabin faɗin bakinsa. Bakaniken ya ce bel ɗin haƙora ya fara tsagewa amma zai kai ƙarshen sanyi, don haka na sa sunana a littafinsu na watan Oktoba, kafin layi ya fara.