Excel ko Odoo: wanne ke tuna kayan da ke bisa hanya?

Alhaji, ka ce teburinka na Excel kullum sai ya ce ka sake kwamandar shinkafa alhali buhu 300 na bisa hanya, kuma yaronka na ta matsa maka ku koma Odoo, wata manhajar lissafin kaya da ciniki. To ga yadda kowane ke lissafi.

Excel dai abin da ka zuba mishi shi yake aiki da shi. Yawancin teburan da nake gani wajen 'yan kasuwarmu nan Maradi abu uku ne kawai a ciki: abin da ke mangaza, iyakar ƙasa, iyakar sama. A ce iyakar ƙasa 100, ta sama 400, mangaza kuma saura buhu 80. Tunda 80 bai kai 100 ba, sai ya ce sawo 320 a cika 400, don bai san da motar da ke bisa hanya ba. In ka biye mishi, ranar da motocin biyu suka sauke ga ka da buhu kusan 700, kuɗi sun kwanta, wurin ajiya ma ya gagara. Gyaran ba shi da wuya, ka ƙara layi biyu, ɗaya na kayan da ka yi kwamanda ba su iso ba, ɗaya na waɗanda ka riga ka yi wa masu saye alkawari. In alkawarin buhu 50 ne, 80 a tara da 300 a cire 50, saura 330, ya wuce 100, ke nan babu wata sabuwar kwamanda.

Odoo wannan lissafin yake yi da kanshi. Da ka tabbatar da takardar kwamanda sai ya sa kayan cikin masu shigowa, dokar sake saye kuma ba ta duba abin da ke mangaza kaɗai, tana duba abin da ake hasashen zai kasance. Sauran manhajoji irinshi, Sage da ERPNext, ma haka tsarinsu yake, kusan duk ɗaya.

Inda suka rabu sosai shi ne kwanan wata, kuma mu nan shi ne ciwonmu. Kayan Kano da ke biyowa ta Jibiya da Ɗan Issa ba ɗaya suke da kayan tashar Lome ba, waɗanda tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai sun zagayo ta Burkina su jira ayari, ga duwan, makonni sai su wuce mota ba ta iso ba. Lissafin 330 ɗin nan ya ce hankalinka kwance, amma abin da za ka iya saidawa yau buhu 30 ne, in kana fidda 20 a rana gobe da yamma mangaza wayam. Odoo yana duba ranar da ka ce kaya za su iso ya gwada da kwanakin da mai kawo maka kaya ke ɗauka, in motar Lome za ta makara sai ya nuna maka giɓin, kai kuma ka ɗan ciko daga Kano. A Excel ma ana iya haɗa wannan, sai dai aikin wanda ya iya formil ne da gaske, kuma ranar da wani ya goge gida ɗaya cikin teburin shi ke nan.

Amma kar yaronka ya ruɗe ka da cewa manhaja ta gama komai. Mu fa rabin kwamandarmu a waya ake yin ta, ko murya a WhatsApp, "aiko min da ɗari uku", an gama. Abin da ba a shigar ba Odoo bai san shi ba, zai ce ka sake saye kamar yadda Excel ya ce. Wanda ya fi wannan muni shi ne tsohuwar kwamanda da ba a rufe ba: an kawo 250 cikin 300, mai kaya ya ce sauran babu, ba wanda ya soke ragowar, sai manhaja ta yi ta jiran buhu 50 da ba za su taɓa zuwa ba tana rage maka abin da ya kamata ka saya.

Ni a ganina in kayanka ba su da yawan iri, mangaza ɗaya ce, kuma kai kaɗai ke yin kwamanda, ƙara layukan nan biyu da ranar isowa ka zauna kan Excel ɗinka. In kuna da mangaza biyu ko uku kuma mutum fiye da ɗaya ke saye, nan kuɗin Odoo da wahalar koyonshi sun cancanta, da sharaɗin ka ware mutum guda da duk sati zai bi kwamandojin da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya, ya gyara ranakun, ya soke waɗanda suka mutu.