Ziyarata Kimbell don ganin zanen yarintar Michelangelo

A masassaƙin dutse na san Michelangelo, mai mutum-mutumin Dauda da ke birnin Florence. Shi ya sa da na je wajen ƙanwata a Fort Worth ta jihar Texas, na ji cewa gidan adana zane na Kimbell yana da zanen da ya yi tun yana ɗan shekara 12 ko 13, sai na matsa mata muka tafi. Ba mu biya ko sisi ba, kyauta ake shiga ɓangaren kayansu na dindindin. Sai dai ba sa buɗewa ranar Litinin.

Zanen ƙarami ne ƙwarai, santimita 47 a tsaye, 35 a kwance, a kan allon katako. Saura kaɗan in wuce shi. Waliyyi Antoni ne a ciki, mutumin Masar da ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada yana zuhudu, wanda Kiristoci ke ɗauka uban masu zaman kaɗaici don ibada. Shaiɗanu sun ɗaga shi sama, wannan ya cafki tufarsa, wancan ya ɗaga kulki. Shi kuwa dattijon ko gezau. Fuskar nan tasa ce ta tsayar da ni kusan rabin awa, har ƙanwata ta ce, "Yaya, ko in nemo maka kujera ne?"

Kwaikwayo ne daga aikin Bajamushe Martin Schongauer, wanda ba shi da launi, amma yaron ya sa launuka, ya ƙara duwatsu da kogi a ƙasa. Marubutan tarihinsa na farko sun ce har kasuwar kifi ya riƙa zuwa yana duba jikin kifaye. Da na matsa kusa na ga ɗaya daga cikin shaiɗanun da ɓawon kifi yana sheƙi kamar yanzu aka tsamo shi daga ruwa, sai tsigar jikina ta tashi.

A 2009 gidan ya saye shi, bayan an goge masa dattin shekaru a New York. Ginin ma ya taimaka: hasken rana yana saukowa ta rufi a tausashe, ba ya kashe ido. Idan Allah ya kai ni, kafin in bar garin zan koma da safe, lokacin da ba cunkoso.