Lasifikokin garmahon Baba, wata huɗu bayan gyaran wani dattijo a Alabar

Wata huɗu ke nan da na karɓo lasifikokin nan biyu daga hannun mai gyara, kuma tun ranar babu yinin da ban kunna su ba. Shi ya sa yanzu nake ganin ina da bakin magana a kan aikinsa. Da a makon farko na rubuta, da ko dai zumuɗi ne zai yi magana, ko kuma haushin jiran da na sha.

Lasifikokin na garmahon mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa, irin dogon akwatin nan mai ƙafa huɗu, rediyo a gefe guda, wurin ɗora faifai a ɗaya gefen, ƙirar Jamus ta shekarun 1960. Ya fi shekara ashirin a ɗakin ajiyar gidanmu na unguwar Aboabo, a Kumasi ta ƙasar Ghana. Laimar damina ta kumbura katakon, gara ta gama da ƙasansa. Da na kwance bayansa sai na tarar da lasifika biyu masu faɗin inci 8, takarda zalla, kowace da ɗan ƙaramin mazurari a tsakiyarta. Ɗaya kyankyasai sun ci bakinta wuri uku. Ɗayar lafiya lau take a ido, amma da na taɓa mata batir mai bolt 1.5 ko motsi ba ta yi ba, mita ma ta nuna wayar cikinta ta tsinke.

Irin waɗannan su ake kira ful-renj, wato lasifika ɗaya ce ke ɗaukar sautin gaba ɗaya, kaurinsa da siririnsa. A yawancin akwatunan kasuwa raba aikin ake yi: babbar wufa ta ɗauki kauri, ƙaramar twita ta ɗauki siriri, a sa kurosoba a tsakani tana rarraba musu. Wurin rabon kuwa sau da yawa yakan faɗo ne tsakanin 2,000 da 3,000 Hz (wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, kuma inda baƙaƙen magana suke fita. Ita ful-renj ba ta da wannan ɗinkin. Ɗan mazurarin nan na tsakiya a jikin koyil, wato naɗin wayar da wuta ke bi, aka manne shi, shi ke taimakawa da siririn sauti. Asalin dabarar dai, koyil na motsi a cikin maganaɗisu yana tura takarda, ita ce wadda Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana a 1925, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Neman mai gyaran lasifika a Kumasi ba wuya. Gari ne da duk Asabar ake kafa rumfunan jana'izar Asante da tulin akwatuna kamar katanga, ga bukukuwanmu na zango, ga masallatai da coci-coci. Sai dai sana'ar duk ta karkata ga manyan lasifikoki masu inci 15 da 18. Mutum biyu na fara kai wa, kuma bakinsu ya zo ɗaya: a yage tsohuwar takardar, a sa sabuwa mai kauri da bakin roba, a sa koyil mai jure wuta, gobe in zo in karɓa. Ba mugunta ce ta sa su ba, abin da masu kawo musu aiki ke so ke nan. Amma duk darajar lasifikar nan a rashin nauyin takardarta take. Ka ɗora mata mai nauyi, siririn sautin ya tafi, ka koma gida da wufa maras ƙarfi a cikin tsohon ƙarfe.

Wani abokina mai gyaran wutar mota a Suame Magazine, unguwar makanikai, ne ya kwatanta mini dattijon, a wani lungu na unguwar Alabar. Shagon bai fi tabarma biyu ba. Na gaishe shi, na kwance tsumman da na naɗe su. Ya ɗauki mai lafiyar idon, ya kara ta a kunne, ya ƙwanƙwasa takardar da farce, ya juya ya dubi maganaɗisun. Sai ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka waɗannan?" Na ce, "Na Baba ne, Masta." Ya ce, "To kada ka bari kowa ya kwance bayan nan." Maganaɗisun alniko ne, gamin alminiyam da nikel da kobalt da ake amfani da shi kafin baƙin maganaɗisun ferait ya cika kasuwa, kuma idan aka raba shi da ƙarfen da ke kewaye da shi ƙarfinsa raguwa yake yi. Tun a wannan maganar hankalina ya kwanta da shi.

Na roƙi in zauna in ga aikin, ya ce in dai ba zan cika shi da surutu ba. Abin da na gani ne ya sa nake wannan rubutu. Da auduga da sinadarin narka gam ya bi gefen takardar kaɗan-kaɗan har ta saki, ya ɗago ta ɗungurungum ba tare da ta tsage ba. Ya warware tsohuwar wayar koyil yana ƙirga zagayen, yana rubutawa a bayan kwalin shayi. Ya gwada kaurinta da ƙulle-ƙullen wayar jan ƙarfe da ke cikin wata gwangwanin madara har ya sami daidai da ita. Bututun da za a naɗa wayar a kai ma na takarda ya yi, kamar na asali, ya ce na alminiyam na masu biki ne. Ramin da koyil ke shiga siriri ne ƙwarai, ƙurar ƙarfe ɗaya ta isa ta sa lasifika ta yi ta kurza. Da salatif ya share shi, yana zura shi yana zarowa, har sai da ya fito fes. Da zai mayar da koyil, sai ya yanka tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti siri-siri, ya cusa kewaye da shi domin ya tsaya a tsakiya cak kafin gam ya bushe. Ita kuwa wadda kyankyasai suka ci, ƙyallen takarda mai laushi ya liƙa ta baya da farin gam da ya tsinka da ruwa, yana bin lanƙwasar bakin da tsinke don kada wurin ya sandare. Da na auna a gida, mai tsohuwar waya ta nuna om 4.1 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), wadda aka naɗa ta nuna 4.3. Aikin hannu da ido, ba inji, ya zo kusa haka.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Mako guda ya ce mini, sai da na yi mako biyar. Sau huɗu ina hawa tiro-tiro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa tashar Kejetia in taka zuwa shagon, in tarar an ture nawa gefe saboda an kawo akwatunan da za a yi jana'iza da su ranar Asabar. Waya kuwa ba ya ɗauka. Na san aikin gaggawa shi ke ciyar da gidansa, amma da ya gaya mini wata guda tun farko, da na haƙura ban yi ta zarya ba. Sannan akwai ɗigon gam da ya zuba a gefen ƙaramin mazurarin ɗaya ya bushe a nan. Ban ji ya sauya sautin ba, ido ne dai ke ganinsa kullum. Na uku, kwana biyu da kawo su gida, wadda aka naɗa ta fara wani zizz duk lokacin da aka buga wani amo mai kauri. Na mayar. Ashe ɗaya daga cikin lallausan wayoyin nan biyu da ke kai wuta ga koyil ce ta yi tsawo tana taɓa takardar. Ya lanƙwasa ta, ko minti goma bai yi ba, ya ƙi karɓar ko sisi, har ya ba ni haƙuri. Kuɗin aikin gaba ɗaya bai kai na sabuwar lasifika ɗaya mai sauƙin kuɗi a shagunan Adum ba.

Akwati ni na yi da kaina, kuma nan ne na ɓata filawud guda. Na fara da rufaffen akwati mai rami a gaba, irin na zamani. Sautin ya fito kamar daga cikin randa, kauri ɗaya yana ta gunji ya danne komai. Da na koma na ba Masta labari, tambaya ɗaya ya yi mini: "Garmahon Babanka, bayansa a rufe yake?" A buɗe yake, kwali ne mai huji-huji. Lasifikokin wancan zamani don buɗaɗɗen baya aka ƙera su, takura su cikin ƙaramin akwati ne ke kawo gunjin. Sai na je Sokoban, inda aka mayar da masu katakon Anloga, na sayo filawud mai kaurin milimita 18. Ban ɗauki MDF, allon garin katako da aka matse, ba duk da ya fi laushin yanka, saboda na ga yadda laimarmu ke kumbura shi. Na yanka allo biyu, kowane santimita 60 a faɗi, 120 a tsayi, na huda rami ba a tsakiya daidai ba, na ƙara fukafukai gajeru ta baya da katakon itacen da ake kira wawa don su tsaya da ƙafarsu. Shi ke nan, ba murfi, ba soso.

Wannan tsari yana da farashinsa. Iskar da takarda ta tura gaba da wadda ta ja ta baya hannun riga suke, kuma sauti mai kauri dogon zango gare shi: na 100 Hz ya kai mita 3.4. Don haka yakan zagayo gefen allon ya kashe kansa. Kaurin da ke girgiza ƙirji babu shi a nan. Kuma allon yana son a janye shi daga bango kusan mita guda, wanda a ɗaki da falo irin namu na gidan haya sai an yi shawara da uwargida. Mun shirya a kan in janyo su bayan Isha'i, in mayar kafin in kwanta.

Amma murya! Ranar da na fara sa karatun Alƙur'ani, na ji bambancin sin da sad, na ji inda mai karatu ke jan numfashi, kuma muryar ta tsaya wuri ɗaya a tsakanin allunan biyu kamar mutum ne zaune. Labarun BBC Hausa na safe ba sai na ƙara murya ba nake jin kowace kalma. Goge da kukuma suna fita da kaushin gashin dokinsu, kalangu da lanƙwasar muryarsa, ƙahonin tsohuwar hailaif ba sa huda kunne. Sai dai siririn sautin miƙewa yake yi gaba kamar hasken tocila, halin faffaɗar takarda ke nan. Wanda ya zauna tsakiya shi ke morewa, wanda ke bakin ƙofa kuwa a dushe yake ji. Idan kuma aka sa kiɗan zamani mai nauyin bes aka murɗa, nan da nan za ka ga takardar na wahala, ni kuwa ba na barin a kai ta nan. Ƙanena da ya zo da wayarsa yana son ya gwada, waƙa ɗaya na bari ya sa.

Wuta kaɗan suke ci. Ƙaramar amfilifaya ce mai aiki da bolt 12 nake tura su da ita, ko rabin murɗawa ba na kaiwa. Ranar da aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, sai in jona ta da batirin babur, gidan duhu, mu kuwa muna jin tafsiri. Hajiyarmu da ta zo ta kwana biyu, ta zauna gabansu shiru, can ta ce haka muryar rediyon take a falon Baba.

Mai akwatunan haya na biki ba ya buƙatar dattijon nan, kowane lungu akwai mai yi masa da sauri. Amma wanda ya tsinci tsohuwar lasifikar takarda a ɗakin ajiya ko wurin masu gwangwan, kada ya bari a yage ta. Ya nemi mai irin wannan hannun, ya tambaye shi ko zai ƙirga zagayen wayar, ya kuma shirya wa jira. Makon jiya na kai masa wasu guda biyu masu siffar ƙwai da na ciro daga wata tsohuwar talabijin a Suame. Ya sake cewa mako guda, na ce, "Masta, na ba ka zuwa bayan hunturu."