NASM, GAS ko FASM: da wanne za ka fara koyon Assembly?

Kafin ka sauke komai, duba irin furosesan da ke cikin na'urarka, domin Assembly, wato rubuta wa furosesa umarni kai tsaye, ba harshe ɗaya ba ne. Kowane dangin furosesa da umarnansa. Laftof mai Intel ko AMD yana jin x86-64. Wayar da ke aljihunka da Raspberry Pi da kwamfutocin Apple masu M1 da suka fara fitowa a 2020 duk ARM ne. Mafi yawan ɗalibanmu laftof na hannu mai Intel ne da su, don haka a kan x86-64 zan fi tsayawa, kuma a wannan fagen, cikin manhajojin da ke juya Assembly zuwa umarnan na'ura, zaɓina NASM ne, ba na ɓoyewa.

Simon Tatham da Julian Hall ne suka fara NASM a 1996, kuma har yau ana kula da shi ana fitar da sababbi. Lasisinsa na BSD ne: ka sauke, ka duba cikinsa, ka raba wa duk ajinku, ba ka ci haƙƙin kowa ba. Yana aiki a Linux da Windows da macOS, kuma ba ya cin data. Amma abin da ya sa nake tura mai koyo wajensa shi ne, abin da ka rubuta shi yake nufi. Ga cikakken shiri na Linux mai 64-bit:

section .data
sako db "Sannu", 10
section .text
global _start
_start:
mov rax, 1
mov rdi, 1
mov rsi, sako
mov rdx, 6
syscall
mov rax, 60
mov rdi, 0
syscall

Su rax, rdi, rsi da rdx ƙananan ma'ajiyoyi ne a cikin furosesa, syscall kuma shi ke miƙa wa Linux bukatarka. Lamba 1 a cikin rax tana gaya wa Linux rubutu kake son yi. Lamba 1 da ke rdi na nufin a kan allo, rsi na riƙe da adireshin saƙon, rdx kuma tsawonsa ne: haruffa 5 da alamar sabon layi. Lamba 60 ita ce ta fita. Ka adana shi da sunan gaisuwa.asm, ka buga nasm -f elf64 -g gaisuwa.asm, sannan ld -o gaisuwa gaisuwa.o, shi ke nan.

Ka lura da layin mov rsi, sako. A NASM, suna tsirararsa adireshi ne. In abin da ke ajiye a wurin kake so, dole ka sa shi cikin baka mai kusurwa, kamar mov al, [sako], sai harafin S ya shiga al. Wannan doka ba ta sauyawa. A MASM na Microsoft kuwa, rubuta sunan kawai na iya ɗauko maka abin da ke ciki, sai ka ƙara kalmar OFFSET kafin ka samu adireshi, kuma ma'anar layin ta danganta da yadda aka ayyana sunan can sama. Bambancin adireshi da abin da ke cikin adireshi shi ne ya fi kayar da masu koyo. Kayan aikin da ke nuna maka bambancin ɓaro-ɓaro a kowane layi ya rage maka rabin wahala. Ƙari a kan haka, NASM na bin salon rubutun Intel, wato inda za a zuba abu ne ke zuwa farko, daidai da yadda yake a kundin bayanan furosesa da kamfanin Intel ke bayarwa kyauta a shafinsa. Duk umarnin da ka duba a can, kusan haka za ka rubuta shi a nan. In ka ba shi -f bin kuma, zai fitar maka da tsantsar umarnan na'ura ba tare da wani kai ko jela ba, wanda shi ake bukata ranar da za ka gwada rubuta sashen tayar da kwamfuta mai bait 512 ka kunna shi a QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta.

GAS na cikin GNU Binutils, kuma in kana da gcc, mai juya harshen C zuwa shiri, a Linux to yana nan a kwamfutarka tuni. Matsalarsa ga mai farawa ita ce salon AT&T: mov $1, %rax maimakon mov rax, 1, an juya gaba ta koma baya, ga alamomin dala da na kaso ko'ina. Ana iya juya shi zuwa salon Intel da layin .intel_syntax noprefix, sai dai misalan da za ka tarar yawanci ba haka aka rubuta su ba. Zai zama dole ka iya karanta shi wata rana, tunda shi gcc -S ke fitarwa. Idan kuma ARM kake nufi, ko waya kaɗai gare ka kana aiki a Termux, manhajar Android mai ba ka allon umarnin Linux, to NASM ba naka ba ne sam, domin umarnan x86 kawai yake fitarwa. Nan GAS ko clang za ka riƙe. FASM na Tomasz Grysztar yana da sauri kuma da Assembly aka rubuta shi kansa, amma darussansa sun yi kaɗan ga mai neman mai riƙe masa hannu. YASM ya tsaya a 1.3.0 tun 2014, ka wuce shi. MASM na Microsoft ne, lasisinsa a rufe, ba ya cikin wannan lissafi. MARS da RARS manhajojin kwaikwayo ne masu bukatar Java, ka ɗauke su in malaminku MIPS ko RISC-V yake koyarwa.

Duk wanda ka zaɓa, ka haɗa shi da GDB, manhajar bin sawun shiri layi bayan layi. Ka buɗe shirinka a ciki, ka buga starti, sannan layout regs, ka riƙa danna stepi kana kallon rax na sauyawa layi bayan layi. Ka sa set disassembly-flavor intel don kada ya nuna maka salon AT&T. Wanda baƙin allon umarni ke ba shi tsoro yana iya farawa da SASM, wanda ya tattara NASM da wannan bin sawun a taga ɗaya, shi ma kyauta.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne sosai. Ma'aunina na farko ga kowane kayan aiki shi ne: daga ina ya fito, kuma wa ya taɓa shi kafin ya iso gare ni? Lokacin da nake ɗalibi an ce mu zo da manhajar kwaikwayon 8086 a laftof. Wani mai shagon saka manhajoji ya karɓi kuɗina ya zuba mini wadda aka fasa wa makulli daga filash ɗinsa, ya ce in kashe antibairos tukuna wai yana hana ta shiga. Kafin mako ya zagayo duk jakunkunan fayiloli na filash ɗina sun koma gajerun hanyoyi marasa komai, aikin da zan miƙa ya ɓace, kuma duk abokin da ya soka filash ɗin a tasa kwamfutar ya kwashi rabonsa. Irin waɗannan manhajoji, kamar emu8086, na sayarwa ne, shi ya sa kwafin da ke yawo a hannun ɗalibai kusan duk fasassu ne. Wanda ya iya fasa makulli ya iya cusa abin da ya ga dama a ciki. Duk wanda ya ce ka kashe antibairos kafin ka girka abu, ka ɗauki laftof ɗinka ka tafi.

Akwai kuma shafukan da ke tara manhajoji suna jera manyan maɓallan saukewa guda uku ko huɗu, na gaskiyar ƙarami a ɓoye. Wasu suna naɗe NASM ɗin kansa cikin nasu shirin girkawa mai jawo tallace-tallace. Babu dalilin bi ta hannunsu. Akwai masu tallar kwas a WhatsApp da Telegram suna cewa za ka zama gwanin kutse da Assembly cikin mako biyu. Ka biya, a turo maka tsofaffin takardun zamanin DOS da kowa ke iya samu a banza. Ga yadda za ka gane su da ido: in ka ga int 21h, ko saƙo mai ƙarewa da alamar dala, ko mov ah, 4Ch, to darasin na DOS mai 16-bit ne. Windows mai 64-bit ba ya kunna irin wannan shiri, sai ta DOSBox. Furosesan 8086 ya fito ne a 1978. Ba laifi a koye shi in jarrabawa ta bukata, amma mai sayar maka da shi a matsayin ilimin yau ya cuce ka.

Tarkon da ya fi wannan wuyar ganewa shi ne darussan Linux masu 32-bit da ke amfani da int 0x80. A can lambar rubutu 4 ce, lamba 1 kuma ta fita ce. A 64-bit lamba 1 ita ce ta rubutu. Mai koyo ya kwaso rabi daga wannan darasi rabi daga wancan, ya sa 1 a rax ya kira int 0x80, shirin ya rufe kansa shiru ba saƙon kuskure ba komai, ya kwana yana zargin kansa alhali darussan ne aka cakuɗa masa. Manhajojin hira masu rubuta kod su ma suna yin irin wannan cakuɗa, don haka ka duba kowane layi kafin ka yarda da shi. Ka zaɓi 64-bit da syscall ka tsaya a kai har hannunka ya faɗa.

In Windows 10 ko 11 gare ka, ka kunna WSL, wanda ke ba ka Linux a cikin Windows, ka sa Ubuntu a ciki, ba sai ka goge komai ba. Daga nan umarni ɗaya ne: sudo apt install nasm binutils gdb. Wanda yake son NASM na Windows kai tsaye ya ɗauko daga nasm.us, kada ya karɓa daga filash ɗin kowa.